Tambaya da Amsa: Aikin lainbeka a ƙwallon Amurka da rayuwar Luke Kuechly

Tambaya: Assalamu alaikum. Na fara kallon ƙwallon Amurka ta intanet, kuma kullum sai na ji masu sharhi suna ambaton "lainbeka". Wane ne shi a fili, kuma mene ne aikinsa? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Masu kai hari suna da dama huɗu su ci yadi 10, wato kimanin mita 9. In sun ci a sake ba su huɗu, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Masu tsaro kuwa sahu uku suke yi: ƙartai a gaba, gaba da gaba da layin masu hari, masu ɗan karen gudu a can baya suna gadin masu cafe ƙwallo, sai na tsakiya, yadi 4 zuwa 5 bayan ƙartan. Na tsakiyar nan su ne lainbeka, masu dafa wa layi baya.

Idan ƙungiya ta jera ƙartai huɗu, lainbeka uku take sawa, kuma kowanne da laƙabinsa: Maik a tsakiya, Sam a gefen da masu hari suka fi nauyi, Wil a ɗaya gefen. Maik ne yawanci limamin masu tsaro. Duba bayan hular kwanonsa, za ka ga ɗigon kore, alamar cewa akwai na'urar jin magana a ciki. Koci yana faɗa masa tsarin da za a bi, amma ana katse layin da zarar daƙiƙa 15 suka rage cikin 40 ɗin da ake bai wa masu hari kafin su saki ƙwallo a kowace dama. Daga nan shi da idonsa ne. Shi zai isar da saƙo ga mutum goma cikin hayaniyar dubban 'yan kallo, ya gyara musu tsayuwa idan masu hari sun sauya jeri.

Da an saki ƙwallo, lainbekan kirki ba ita yake fara kallo ba. Idonsa na kan masu gadi biyu da ke dama da hagun ɗan tsakiyar layin hari. Mai gadi ya zabura gaba kai a ƙasa, to gudu za a yi da ƙwallo. Ya miƙe ya ja da baya yana ware hannuwa, jifa ce ke tafe, sai lainbeka ya koma baya ya toshe hanyar masu cafewa. In kuwa ya bar gurbinsa ya ruga gefe ta bayan layi, galibi can ƙwallo za ta bi. Giɓin da ke tsakanin 'yan layi ma suna da suna: A tsakanin ɗan tsakiya da mai gadi, B bayan mai gadi, sai C a waje, kuma kowane mai tsaro da giɓin da aka damƙa masa.

Kuskure biyu ne ke yawan kayar da sabon shiga. Na farko, ya bar nasa giɓin ya bi ƙwallo da zumuɗi, sai mai gudu ya yanko ta ƙofar da ya bari a buɗe. Na biyu ya fi ciwo: kwatabak, wato mai jifa, ya yi kamar ya cusa ƙwallo a cikin mai gudu alhali tana hannunsa. Lainbeka ya taka gaba taku biyu, kafin ya farga an jefa ta a filin da ya bari a bayansa.

Tambaya: Wani abokina ya ce Luke Kuechly yakan faɗi abin da abokan hamayya za su yi tun kafin su yi. Da gaske ne? Kuma ta yaya ya kai wannan matsayi? Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

Amsa: Abokinka bai yi ƙari ba, akwai bidiyoyin wasanni da ake jin muryarsa yana nuna inda ƙwallo za ta bi. Ba duba ba ne, nazari ne. Kuechly, wanda ake furta sunansa Kikli, ya yi suna wajen zama sa'o'i yana kallon faifan wasannin ƙungiyar da za su kara da ita. Abin da ake nema a faifan ƙanana ne: daga wane jeri suka fi yin gudu, me suke yi a dama ta uku idan yadi 7 suka rage, shin ɗan layi yana danna yatsunsa a ƙasa da nauyi in zai zabura gaba, wace kalma mai jifa ke maimaitawa idan zai sauya shiri.

An haife shi a 1991 a Cincinnati, jihar Ohio. Ya buga wa kwalejin Boston daga 2009 zuwa 2011, ya fi kowa kayar da 'yan wasa a gasar jami'o'i shekara biyu a jere, ya kuma karɓi kambun Butkus da ake bai wa gwarzon lainbeka. Dokar NFL, wato babbar gasar ƙwararrun ƙwallon Amurka, ta ce sai mutum ya shekara uku da gama sakandare kafin ya shiga zaɓen sababbin 'yan wasa, inda ƙungiyoyi 32 ke ɗauka bi da bi a zagaye bakwai. Kafin zaɓen akwai gwaji a Indianapolis, a auna tsawo da nauyi, a ɗaga ƙarfe mai kilo 102, a yi tseren yadi 40. Kuechly, mai tsawon kusan santimita 191 da nauyin kilo 108, ya gama tseren a daƙiƙa 4.58. Carolina Panthers ta ɗauke shi na tara a 2012.

A gefe ya fara, sai da lainbekan tsakiyar ƙungiyar, Jon Beason, ya ji rauni aka mayar da shi tsakiya, kuma nan ya zauna. A shekararsa ta farko ya fi kowa kayarwa a NFL, da 164, aka ba shi kambun sabon mai tsaro na shekara. A 2013 ya zama gwarzon mai tsaro na gasar baki ɗaya. A 2015 ya sabunta kwantiragi na shekara biyar a kan kusan dala miliyan 62, kuma a wasannin fidda gwani na wannan kaka ya tare jifa ya ruga da ƙwallo har gidan ci sau biyu a jere, da Seattle sannan da Arizona. Kofin ne bai samu ba: Denver ta doke su 24 da 10 a wasan ƙarshe, Fabrairun 2016.

Tambaya: To me ya sa mutum mai irin wannan baiwa ya ajiye wasa yana da shekara 28? Daga wata mai karatu a Kumasi.

Amsa: 'Yar'uwa, wannan ita ce tambayar da ta fi damun mu. Sau uku a shekara uku aka tabbatar Kuechly ya samu girgizar ƙwaƙwalwa. A 2015 ya rasa wasa uku. A Nuwamban 2016, a karawa da New Orleans, aka fitar da shi a ƙaramar mota yana kuka yana haki a gaban kyamarori, ya rasa wasa shida na ƙarshen kaka. A 2017 ya sake rasa ɗaya. A Janairun 2020, bayan kaka takwas, ya fitar da bidiyo yana cewa har yanzu yana son wasan, amma shi hanya ɗaya ya san ana buga shi, da sauri da ƙarfi, kuma ba ya da tabbacin zai iya ci gaba da hakan. A ganinmu ya yi daidai.

Hular kwano tana kare ƙoƙon kai daga fashewa, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa bugun jikin ƙoƙon daga ciki idan kai ya tsaya cak bayan gudu. Alamomin sun haɗa da ciwon kai, jiri, amai, mantuwa da ƙin haske. Wanda aka tabbatar ya kamu ba ya komawa fili a ranar. Mataki biyar zai bi, daga hutu da motsa jiki mara nauyi har zuwa cikakken atisaye, kuma sai likita mai zaman kansa ya sa hannu. Abin da ya fi ban tsoro shi ne tarin bugu na shekaru, wanda ake dangantawa da cutar lalacewar ƙwaƙwalwa da ake kira CTE, wadda ba a iya tabbatar da ita sai bayan mutuwa. An same ta a ƙwaƙwalwar Junior Seau, lainbekan da ya yi kaka 20 ya rasu a 2012.

Shi ya sa ake nacewa kan yadda ake kayarwa: a rage taku in an matso, a durƙusa da gwiwa, kai a sama ido na kallon cinyar mai gudu, a kai kafaɗa, kai ya wuce ta gefe, a rungume da hannu biyu, ƙafafu su ci gaba da turawa. Idan aka sunkuyar da kai, wuya yakan miƙe sambal, nauyin karon duka ya sauka a ƙashin baya. Haka ta faru da Ryan Shazier na Pittsburgh a Disambar 2017, ya ji rauni a laka, ya sake koyon tafiya amma bai ƙara buga wasa ba. Daga 2018 NFL ta haramta sunkuyar da kai don kai karo da hula, hukuncinsa ƙungiyar mai laifin ta yi asarar yadi 15, kuma ana iya korar mai laifin daga wasan.