Injin wanke kwanuka yana barin ruwa a ƙasa

'Yar'uwa, kin ce ruwa na kwanciya a gindin injin, kwanuka kuma na fitowa da maiƙo. Matsalar ɗaya ce galibi: dattin ruwan da bai fita ba shi yake sake fesawa.

Zare wuta tukuna. Ki murɗo rariyar da ke ƙasa, ki wanke ta da ruwan zafi da tsohon buroshi; shinkafa da manja sun iya toshe ta. Leƙa ramin famfon da ke tura ruwan waje a hankali, fasasshen gilashi kan maƙale a can. Hannayen fesa ruwan kuma ki tsokale ƙofofinsu da tsinke. Duba tiyon baya ko ya lanƙwashe.

In yana gurnani ruwa bai tafiya, galibi famfon ne, kira mai gyara.