Aikin masanin tattalin arzikin ƙasashe masu tasowa

Malama, kin tambayi abin da waɗannan masana suke yi a zahiri, da hanyar da mai digirin farko zai bi ya shiga fannin. Na daɗe ina aikin tattara bayanai gida-gida tare da su, don haka abin da idona ya gani zan faɗa.

Yawancin lokacinsu a kan alƙaluma yake tafiya. Kafin a ce kaso kaza na jama'a suna cikin talauci, sai an zauna da uwargida an tambaye ta abin da iyalinta suka ci a kwana bakwai da suka wuce, wanda aka saya da wanda aka noma. Manomi zai rantse gonarsa kadada ɗaya ce, a zagaya ta da na'urar GPS a tarar ba ta kai ba. Wanda bai taɓa ganin haka ba yakan yarda da duk lambar da kwamfuta ta nuna masa. Irin waɗannan bayanai masanin tattalin arziki Angus Deaton ya duƙufa a kansu har ya samu lambar Nobel a 2015.

Abin da ya fi tashe yanzu shi ne gwaji ta hanyar ƙuri'a, wato a ba wasu tallafi a jinkirta wa wasu, sannan a kwatanta. Michael Kremer da Edward Miguel sun gano cewa maganin tsutsar ciki ya rage fashin makaranta da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a yammacin Kenya, kuma Kremer ya raba Nobel ta 2019 da Esther Duflo da Abhijit Banerjee. Hanya ce mai kyau, amma a ganina ba ta amsa komai. Tambayar da Arthur Lewis ya tayar a 1954, ta yadda ma'aikata ke barin gona su koma masana'antu, ba a amsa ta da gwajin ƙuri'a.

Shawarata ita ce ki ƙware a lissafi da ƙididdiga, ki koyi manhajar nazarin alƙaluma irin su Stata ko R, ki nemi aikin mataimakiyar mai bincike kafin digiri na uku. Cibiyar binciken tattalin arzikin Afirka ta AERC da ke Nairobi tana tallafa wa ɗaliban Afirka a manyan digirori. Guraben aiki suna jami'o'i, da Bankin Duniya, da hukumomin ƙididdiga, amma idan aka ba ki zaɓi a shekarar farko, ki ɗauki wanda zai fitar da ke ƙauye da takardar tambayoyi a hannu.