Jiragen rimot da ake dawo mini da su a farfashe: in gyara kyauta ko in sa kuɗi?

Tambaya: Malam, ina sayar da ƙananan jiragen sama masu tashi da rimot, na soso da na katako. Yawancin waɗanda suka saya ba sa jimawa sai su dawo da jirgin a farfashe, su ce rimot ne ya ƙi aiki. Wasu na musanya musu, wasu na liƙe musu kyauta don kada a ɓata. Yanzu na ga riba tana zurarewa. In buɗe sashen gyara in riƙa karɓar kuɗi? Kuma yaya zan gane laifin kayana ne ko na mai tuƙi?

Amsa: Ɗan'uwa, ka buɗe. Amma ka fara da tambayarka ta biyu, don ita ce mai kuɗin. Liƙa fiffike da gam kowa zai iya a gidansa. Abin da mai jirgi ba zai iya yi wa kansa ba shi ne gano abin da ya kayar da jirgin. Idan ka liƙe shi ba ka san dalilin faɗuwarsa ba, zai sake faɗuwa, kuma a karo na biyu da sunanka za a kira asarar, tunda hannunka ne na ƙarshe a kansa.

Saboda haka ka yanka wa bincike kuɗinsa daban, a biya kafin ka taɓa komai. In an amince da gyara, ka cire shi daga kuɗin aiki. In bincike ya nuna kayanka ne suka zo da matsala daga masana'anta, ka mayar masa da shi, kuma ka faɗi haka tun farko. Kada ka yanke farashin gyara da ido a tsaye a bakin kanti. Jirgin da ya yi kaca-kaca yana iya ƙarewa a gam da farfela, wanda kuma ake gani lafiya lau yana iya zama inji da batir duk sun tafi.

Da an ajiye maka jirgi, batir za ka fara cirewa. Batirin LiPo, wato irin wanda waɗannan jirage ke aiki da shi, in ya lotse ko ya kumbura yana iya kamawa da wuta ko bayan an jima da faɗuwar, don haka a waje za ka ajiye shi, a kan yashi ko siminti, nesa da kaya. Kada ka yi cajinsa, kada ka sayar da shi, ko da mai shi ya roƙe ka. Wannan wuri ba na sassauta shi ga kowa, domin batir ɗaya yana iya cinye shago. Sai ka cire farfela. Ba a gwada inji a kan tebur da farfela a jiki.

Sannan ka zaunar da mai jirgin ka saurare shi. Me jirgin ya yi a daƙiƙun ƙarshe? Yana tashi ne, ko juyawa, ko sauka? Inji ya mutu ko yana ruri har ya daki ƙasa? Minti nawa ya yi a sama? Rabin amsar tana bakinsa, sai dai bai san ya faɗa ba. Jirgin da ya rage gudu yana juyawa, sai fiffike ɗaya ya faɗi ya nutsa, iska ce ta daina ɗaukarsa don gudun ya yi kaɗan. Mai tuƙi yana murɗa sandar rimot jirgi bai amsa ba, sai ya rantse rimot ne ya yanke, kuma ba ƙarya yake yi maka ba, abin da ya ji a hannunsa ke nan. Ka yi masa bayani a hankali, kada ka kunyata shi, don shi ne zai dawo sayen jirgi na biyu.

Maganar rimot kuwa ana gwada ta. Ka kunna rimot tukuna, sandar da ke ba inji wuta a ƙasa, sannan ka jona lafiyayyen batir. Yawancin rimot na 2.4GHz suna da yanayin gwajin nisa, inda ƙarfinsu yake raguwa. Ka sa shi, ka ja baya kamar taku 30 ko yadda littafinsa ya ce, wani yana juya jirgin kana motsa sanduna. Daga nan ka ɗan ba inji wuta ka kashe rimot ɗin gaba ɗaya. In an saita shi daidai, inji zai tsaya. To idan ya tsaya a gabanka, shi kuma ya ce inji na ruri har ƙasa, da wuya a ce sadarwa ce ta yanke. Ka duba eriyar risiba, wato na'urar cikin jirgi mai karɓar saƙon rimot, ko ta tsinke ko an kwantar da ita jikin batir ko sandar kabon, don dukansu suna tare saƙo.

Mitar auna bolt ma tana ba da shaida. Kowane sel na LiPo, wato ɗaya daga ƙananan baturan da aka haɗa a cikinsa, bolt 4.2 ne a cike, batir mai sel 3 ke nan 12.6. In ka auna wanda ya faɗi da shi ka tarar kowane sel ya sauka ƙasa da 3.5, an tuƙa shi har ya ƙare, na'urar ESC mai sarrafa gudun inji ta rage wuta kamar yadda aka gina ta. Wannan ba laifinka ba ne. In sel ɗaya ne ya yi ƙasa sosai sauran na nan, kuma batirin sabo ne daga hannunka, to ka fara shirin biya. Akwai kuma wata mai wuyar kamawa: sarbo, wato ɗan injin da ke motsa reshen fiffike ko na wutsiya (ɗan ɓangaren nan mai motsi da ke juya jirgi), idan ya cije yana jan wuta da yawa, sai bolt 5 ɗin da ESC ke ba risiba ya faɗi, risiba ta mutu ta sake tashi, jirgi kuwa ba ya jira. Ka motsa duk sandunan lokaci guda kana ɗan danne rassan da yatsa, ka ga ko fitilar risiba za ta ƙifta.

Inda na fi ganin masu gyara suna ruɗewa shi ne rarrabe abin da ya jawo faɗuwa da abin da faɗuwa ta jawo. Haƙoran sarbo da suka zube yawanci duka ne ya zubar da su. Amma ƙahon roba, wanda sarbo ke tura reshe ta wurinsa, da ya fita daga reshe ba alamar gam a jikinsa, ko waya da ta zame daga dalma wurin ya yi fari ba ƙyalli, waɗannan tun kafin a tashi suke a haka. In kai ka haɗa jirgin, naka ne. In a haɗe ya zo, ka ɗauki hoto ka tura wa wanda kake sari a wurinsa, ka nemi haƙƙinka. Ka kuma duba ko an juya saiti: in ka kai sanda dama, reshen fiffiken dama ne ya kamata ya ɗaga sama.

Wajen gyaran kansa, babban maƙiyinka nauyi ne. Jirgi mai miƙaƙƙen fiffike yana daidaita ne a kan yatsu biyu wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na faɗin fiffike daga gaba. In wutsiya ta rinjaya, ko gwani sai ya sha wuya. Idan nisan wutsiya daga wannan wuri ya ninka na hanci sau 3, giram 5 na gam a wutsiya sai ka sa 15 a hanci kafin ya daidaita. Don haka efoksi a mazaunin inji da gindin fiffike kawai, sauran wurare gam mara nauyi. Ka san irin soson da ke hannunka: sufa gulu yana narka irin da ake kira EPS, wanda ake kira EPO kuwa yana jure shi, kuma lotsewar EPO tana tasowa da ruwan zafi in ba a zarce ba. Farfela ba a liƙa ta, sabuwa ake sa wa. Sandar inji in ta lanƙwashe za ka ji girgiza, ita ma canzawa ake yi.

Ta fuskar jari, kada ka cika shago da fukafukan kowane samfuri, kuɗinka zai kwanta. Farfela, sarbo mai giram 9, ƙahonni, sandunan turawa, gam da mahaɗan waya su ne masu tafiya. Manyan kaya sai an ba da kafin alƙalami ka yi oda. A ra'ayina, in gyaran gangar jiki zai haura rabin kuɗin sabuwa, ka gaya wa mai shi gaskiya, ka sayar masa da sabuwar ganga ka mayar masa da injinsa da risibarsa a ciki. Wanda ya haƙura da nasa ka saye ɓaraguzan da arha, ka gwada abin da ya tsira, ka sayar a matsayin na hannu, ka kuma faɗa wa mai saye na hannu ne. Ka riƙa rubuta awannin da kowane aiki ya ci, don bayan jirage goma za ka ga irin gyaran da ke biyan kansa da wanda ke cin yininka a banza.

Garantinka ya tsaya a kan aikin hannunka: liƙin da ka yi da kayan da ka sa. Tashi ba ya ciki, kuma ka rubuta haka a rasit tare da dalilin faɗuwar da ka gano. In za a yi tashin gwaji, a yi yarjejeniya tun a ƙasa kan wanda zai tuƙa da wanda zai ɗauki asara in an sake faɗuwa. Masu saye kuma, daga yau ka riƙa gaya musu tun ranar ciniki: duk ranar da jirgi ya faɗi, su cire batir, su tsince kowane gutsure komai ƙanƙantarsa, kada su sa gam, su kawo maka shi tare da rimot da batirin da ya tashi da shi.