Hasumiyar Agogon da Turawa Suka Kafa a Bakin Haikalin Zinare

Tambaya: Na ga wani tsohon hoto na Haikalin Zinare, babban wurin ibadar mabiya addinin Sikh a birnin Amritsar na Indiya, ga wani dogon gini mai kama da coci a gefensa. A hotunan yanzu kuwa babu shi. Coci ne? Ina ya tafi?

Amsa: Malam, idonka bai yaudare ka ba. Fasalin cocin Turai gare shi, amma hasumiyar agogo ce, wadda mutanen garin ke kira Ghanta Ghar.

Turawan Ingila sun ƙwace daular Sikh ta Punjab a 1849. A farkon shekarun 1860 suka fara wannan gini da jan bulo, bisa zanen injiniyan birnin, John Gordon, aka gama a 1874. Ba a fili suka gina shi ba. A lokacin, tafkin da ke kewaye da haikalin zagaye yake da gidajen da ake kira bunga, masaukan da sarakuna da manyan Sikh suka gina wa masu ziyara. Wasu daga cikinsu, na zuriyar Maharaja Ranjit Singh, sarkin Sikh da ya lulluɓe haikalin da zinare, aka rushe don a samu wuri.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne tsawonta. Harmandir Sahib, wato ainihin sunan haikalin, Guru Arjan, jagoran addinin Sikh na biyar, ya sa aka gina shi ƙasa da doron garin. Mai ziyara yakan cire takalmi, ya wanke ƙafa, ya rufe kai, sannan ya gangara matakala kafin ya isa bakin ruwa, domin a shiga da ƙanƙan da kai. Sai ga hasumiya mai ƙafa 145 ta tsaya a kansa, da kofofi masu tsini irin na cocin Ingila. Duk wanda ya ɗaga ido daga bakin tafkin, ita zai fara gani. A ganina wannan ba maganar agogo ba ce kawai, nuna wa jama'a aka yi wa ke da iko yanzu.

Ikon kuwa bai tsaya ga bulo ba. Gwamnatin mulkin mallaka ce ke naɗa mai kula da haikalin. A ƙarshen 1921 ma jami'inta na Amritsar ya karɓe makullan taskar wurin, Sikh suka yi ta zanga-zanga ana kama su, har aka mayar da makullan a Janairun 1922. Dokar 1925 ta damƙa wuraren ibadarsu a hannun kwamitinsu, SGPC.

A 1945 aka rushe hasumiyar, shekara biyu kafin Turawa su bar Indiya. Daga baya aka gina farar babbar ƙofa mai ƙubbobi irin na ginin Sikh a wajen, ita ma da agogo a goshinta. Har yau Ghanta Ghar ake kiranta, kuma a benenta gidan tarihin Sikh yake.