Amsa: Cikina wata biyar, likita ya ce a yi min tiyatar afendiks

'Yar'uwa, kin tambaya ko ki haƙura sai kin haihu. Don Allah kada ki jira. In afendiks (ɗan ƙaramin reshen hanji) ya fashe, ruɓar kan bazu cikin ciki, ita ce ke jawo ɓari ko naƙuda kafin lokaci, fiye da aikin kansa. Aikin da ba na gaggawa ba ne ake ɗagawa. Kuma tsakanin sati 14 zuwa 27, inda kike yanzu, shi ne lokacin da aikin ya fi ƙarancin haɗari.

Maganin sa barci da ake amfani da shi yau ba a same shi da nakasa jariri ba. Za a saurari bugun zuciyar jaririn kafin aiki da bayansa, a ɗan karkata ki gefen hagu don kada mahaifa ta danne babbar jijiyar jini.

Kuskuren da ake yawan yi bayan aiki: shan maganin ciwo irin su ibuprofen ko diclofenac daga kemis, da kwanciya ba motsi, wanda ke sa jini ya daskare a ƙafa.

Ki tabbata likitan mata na cikin shirin. Bayan sallama, in kin ga jini, zubar ruwa, zazzaɓi ko mara na murɗawa, ki koma asibiti nan take.