Abin da ya sa wutar lantarki ba ta jan tsuntsu a kan waya

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa kurciyoyi ke jeruwa a kan wayar wutar da ta ratsa gonakinku a Ringim, amma ba abin da ke samun su. Wasu na cewa wai ƙafarsu ce ba ta ɗaukar wuta, ko kuma wayar na da rigar roba. Duk ba haka ba ne. Manyan wayoyin nan masu bolt 11,000 ko 33,000 tsirara suke.

Lantarki kamar ruwa yake, ba ya gudu sai ya samu gangara. Ƙafafun kurciya biyu suna kan waya ɗaya, ƙarfin wutar a ƙarƙashin kowace ƙafa kusan ɗaya ne, ba ta kuma taɓa ƙasa ba. Don haka wutar sai ta bi alminiyon da aka yi wayar da shi, wanda ya fi jikin tsuntsu sauƙin bi nesa ba kusa ba.

Da zarar kurciyar ta haɗa waya biyu, ko waya da ƙarfen falwaya, shi ke nan. Shi ya sa ake ganin jemage a sandare tsakanin wayoyi, kuma manyan tsuntsaye irin su ungulu da shamuwa sun fi shiga haɗari idan suka buɗe fiffike.

Mu kuwa a ƙasa muke tsaye. Mai kakkaɓo ganye da doguwar gora, musamman ɗanya ko jiƙaƙƙiya, ya kiyaye. Idan iskar damina ta tsinka waya, a janye yara da dabbobi nesa, a sanar da kamfanin wuta na KEDCO.