Tambarin ƙungiyar unguwa: me za a sa, me za a bari

Malam, ka tambaye ni me ya kamata ku sa a tambarin ƙungiyarku ta ƙwallon ƙafa ta unguwar Gangare a Jos, kuma ko taurari biyar sun dace.

Taurarin dai ku cire. Tauraro a tambari shaidar kofi ce: Juventus sai ta ci lig goma take ƙara ɗaya. Ƙungiyar da ba ta ɗauki ko na unguwa ba ta jera biyar, dariya za a yi mata.

Ku nemi alama ɗaya mai faɗin asalinku. Igwar da ke tambarin Arsenal daga ma'aikatan masana'antar makamai ta Woolwich ta samo asali, su suka kafa ƙungiyar a 1886. Ku mutanen Jos ga duwatsu, ga tarihin kuza.

Launi kada ya wuce uku. A ƙirjin riga faɗin tambari kamar santimita 8 ne, to harafin da bai kai milimita 5 ba zare zai cushe shi wajen ɗinki, ya koma dunƙule. Suna da shekarar kafuwa sun isa, kirari a bar wa tuta. Mai zane ya ba ku ainihin fayil ɗin manhajar zane ta CorelDraw, don hoton da ya biyo WhatsApp dishi-dishi yake fitowa.

Kafin a yi riguna duka, a ɗinka ɗaya a wanke ta tukuna. Jan zare mai araha yakan zuba a farin yadi.